Masu taimaka wa alƙali: Su wane ne, kuma mene ne aikinsu a manyan shari'o'in laifi?

Duk sa'ad da wata babbar shari'ar laifi ta zo ƙarshe a Amurka ko Birtaniya, kanun labarai kusan iri ɗaya suke fitowa: masu taimaka wa alƙali sun sami wane da laifi, ko kuwa sun wanke shi. Haka aka ji a ranar 30 ga Mayun 2024, lokacin da mutum 12 mazauna birnin New York suka sami Donald Trump da laifuka 34 na shirya bayanan kasuwanci na ƙarya. Haka kuma aka ji a ranar 23 ga Maris ɗin 2023, da aka sami tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawan Najeriya, Ike Ekweremadu, da laifi a kotun Old Bailey da ke Landan.

Ga mai karatu a Najeriya, inda alƙali ne ke sauraron shaida ya kuma yanke hukunci da kansa, wannan suna na iya ruɗarwa. Kalmar taimako tana sa a ɗauka shawara kawai suke bayarwa, alƙali ya ɗauka ko ya bari. A waɗancan ƙasashe kuwa, su ne wuƙa su ne nama a kan tambaya guda: wanda ake tuhuma ya aikata laifin ko bai aikata ba? Idan suka ce ba shi da laifi, alƙalin da ke kan shari'ar ba shi da ikon juya maganarsu.

Su wane ne su?

Ayarin masu taimaka wa alƙali, wanda ake kira juri, ya ƙunshi mutanen gari ne da ba sai sun karanci shari'a ba. A cikinsu ana iya samun malamin makaranta da direba da ma'aikaciyar jinya da ɗan kasuwa da wanda ya yi ritaya. Kotu kan zaƙulo sunayensu ta hanyar ƙuri'a daga rajistar masu zaɓe, a wasu jihohin Amurka har da rajistar lasisin tuƙi, sa'annan ta aika musu da sammaci. Amsa kiran wajibi ne, wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba yana iya fuskantar tara.

A Ingila da Wales, duk wanda ke cikin rajistar zaɓe mai shekara 18 zuwa 75 ana iya kiransa, kuma mutum 12 ne ke zama. A Scotland mutum 15 ne. A kotunan tarayyar Amurka ma 12 ne, kuma ana biyan kowannensu dala 50 a rana, kuɗin da sau da yawa bai kai abin da mutum zai samu a wurin aikinsa ba.

A Amurka akwai wani ayari dabam da ake kira babban juri, mai mutum 16 zuwa 23 a matakin tarayya. Shi wannan a asirce yake zama, kuma aikinsa duba ko akwai isasshiyar hujjar da za a gurfanar da mutum. Ayarin da ke zama a zauren kotu yayin shari'a shi ne mai cewa an yi laifi ko ba a yi ba.

Asalin tsarin

Tushen al'adar yana Ingila. A shekarar 1166, Sarki Henry na Biyu ya kafa dokar da ta tanadi a rantsar da mutum 12 a kowace gunduma domin su bayyana waɗanda ake zargi da manyan laifuka. A 1215, yarjejeniyar Magna Carta ta yi alkawarin cewa ba za a ɗaure ɗa ba sai bisa hukuncin tsararrakinsa ko dokar ƙasa.

'Yancin ayarin ya tabbata ne a 1670, bayan shari'ar William Penn da William Mead, waɗanda aka gurfanar a Landan saboda yin wa'azi a bakin titi. Da masu taimaka wa alƙali suka ƙi samun su da laifin da ake so, sai aka kulle su ba ci ba sha, aka kuma ci su tara. Ɗaya daga cikinsu, Edward Bushel, ya ƙi biya, ya kai ƙara. Babbar kotu ta yanke cewa ba za a hukunta ɗan juri saboda matsayar da ya ɗauka ba.

Turawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da wannan al'ada, kuma gyara na shida da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin a yi masa shari'a a bainar jama'a, cikin hanzari, a gaban juri marar son kai.

Rabon aiki tsakaninsu da alƙali

Alƙali ne mai kula da doka. Shi ke cewa wace hujja za a karɓa, wacce za a yi watsi da ita; shi ke tsawatar wa lauyoyi; shi ke yi wa ayarin bayanin abubuwan da dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar. Su kuwa masu taimaka masa, nasu shi ne auna abin da ya faru: wane mai shaida ne ya faɗi gaskiya, wane ne ya yi ƙarya, kuma shin hujjojin sun kai ga kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana? Nauyin tabbatar da laifi yana wuyan mai gabatar da ƙara. Wanda ake tuhuma yana da ikon yin shiru.

Bayan an sami mutum da laifi, yawanci alƙali ne ke yanke tsawon ɗauri. Shari'ar Ekweremadu ta nuna wannan rabo a fili. Ayarin ya same shi da matarsa Beatrice da wani likita, Obinna Obeta, da laifin haɗa baki wajen kai wani matashi Birtaniya domin a cire masa ƙoda, amma ya wanke 'yarsu wadda aka gurfanar tare da su. A ranar 5 ga Mayun 2023 alƙali ya yanke wa Ekweremadu ɗaurin shekara 9 da wata 8, matarsa shekara 4 da wata 6, likitan kuma shekara 10.

Hukuncin kisa a Amurka ya fita daban, domin a nan ayarin yana da hannu a kan rayuwar mai laifin. A watan Oktoban 2022, mutum uku cikin 12 sun ƙi amincewa a kashe matashin da ya harbe mutum 17 a wata makarantar sakandare ta Parkland a jihar Florida, don haka aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai. Fushin da wannan ya jawo ya sa jihar ta sauya dokarta a 2023, inda yanzu amincewar mutum 8 cikin 12 ta isa a ba da shawarar kisa.

Ya kamata a sani cewa ƙalilan ne daga cikin shari'o'i ke kaiwa gaban juri. A kotunan tarayyar Amurka, kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake tuhuma suna amsa laifinsu ne. An riga an rantsar da ayarin da zai saurari shari'ar Umar Farouk Abdulmutallab a birnin Detroit a watan Oktoban 2011, sai ya amsa laifinsa a rana ta biyu, aikinsu ya ƙare nan take. Tsohon gwamnan jihar Delta, James Ibori, shi ma ya amsa laifi a Landan a watan Fabrairun 2012, aka ɗaure shi shekara 13.

Yadda ake tantance su

A ƙaramar shari'a, samun mutum 12 da ba su san komai game da batun ba abu ne mai sauƙi. A shari'ar da duniya ta zuba wa ido kuwa, da wuya a sami wanda bai ji labari ba. Saboda haka abin da kotunan Amurka ke nema shi ne mutumin da zai iya ajiye abin da ya ji a waje, ya yi hukunci da abin da aka gabatar a gabansa kaɗai.

Ana kiran ɗaruruwan mutane, a ba su takardar tambayoyi game da aikinsu da jaridun da suke karantawa da ra'ayinsu kan 'yan sanda ko siyasa, daga nan alƙali da lauyoyi su yi musu tambayoyi baki da baki. Hanya biyu ce ake cire mutum. Ta farko ita ce bisa dalili, kamar dangantaka da wani ɓangare ko nuna cewa ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa, kuma wannan ba ta da iyaka. Ta biyu dama ce ƙididdigaggiya da kowane ɓangare ke da ita ta cire mutum ba tare da faɗin dalili ba. A manyan laifuka na tarayya, masu kare wanda ake tuhuma suna da 10, gwamnati tana da 6. Idan laifin na kisa ne hukuncinsa, kowane ɓangare yana da 20. Tun 1986 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta amfani da wannan dama domin cire mutum saboda launin fatarsa. Ingila kuwa ta soke wannan dama ga masu kare wanda ake tuhuma a 1988, kuma ba a yi wa 'yan juri doguwar titsiye irin ta Amurka.

Shari'ar Derek Chauvin, ɗan sandan da ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a birnin Minneapolis a ranar 25 ga Mayun 2020, ta nuna wahalar wannan aiki. Ana tsakiyar tantancewa a watan Maris ɗin 2021, sai hukumar birnin ta sanar da cewa za ta biya iyalan Floyd diyyar dala miliyan 27. Alƙali Peter Cahill ya sake kiran waɗanda aka riga aka zaɓa ya tambaye su, ya kuma sallami biyu da suka ce labarin ya taɓa tunaninsu.

Ana kuma zaɓen 'yan ko-ta-kwana, waɗanda ke sauraron komai domin maye gurbin wanda ya yi rashin lafiya ko aka sallama. A shari'ar Trump an zaɓi shida.

Kare su daga hayaniyar waje

Darasin da kotunan Amurka suka fi tunawa da shi shi ne na Sam Sheppard, likitan jihar Ohio da aka tuhuma da kashe matarsa a 1954. Jaridu sun buga sunaye da adireshin waɗanda aka kira domin zama a ayarin, 'yan jarida suka cika zauren kotu, aka same shi da laifi. Bayan ya shafe shekara goma a kurkuku, Kotun Ƙoli ta yanke a 1966 cewa ba a yi masa adalci ba. Da aka sake shari'ar a wannan shekarar, aka wanke shi.

Hanyoyin kariya da ake bi a yau sun haɗa da killacewa, wato a ajiye ayarin a otal ƙarƙashin tsaro, a tace musu jaridu da talabijin da kiran waya. Waɗanda suka saurari shari'ar O.J. Simpson a birnin Los Angeles a 1995 sun zauna a killace sama da wata takwas, kuma kafin a gama an sallami goma daga cikinsu bisa dalilai daban-daban. Tsada da takurar wannan hanya sun sa ba a cika bin ta ba yanzu.

Akwai kuma ɓoye suna. A shari'ar madugun masu safarar ƙwayoyi na Meziko, Joaquin Guzman, wanda aka fi sani da El Chapo, wadda aka kammala a New York a watan Fabrairun 2019, an ɓoye sunayen ayarin, kuma jami'an tsaro ne ke kai su kotu su mayar da su. A shari'ar Trump ma Alƙali Juan Merchan ya hana a bayyana sunaye ga jama'a. Duk da haka, wata mata da aka riga aka zaɓa ta nemi a sallame ta, domin 'yan uwa da abokai sun fara gane ta daga bayanan da kafafen yaɗa labarai suka fitar.

Tsoron ba na banza ba ne. Bayan an wanke shugaban 'yan daba na New York, John Gotti, a 1987, an gano cewa an ba ɗaya daga cikin ayarin cin hancin dala 60,000. A Ingila, dokar 2003 ta ba da damar yin shari'a ba tare da juri ba idan akwai haɗarin a saye su ko a razana su, kuma an fara amfani da ita a 2010 a kan waɗanda suka yi fashi a wani rumbun ajiya na filin jirgin saman Heathrow.

Sabuwar barazana ita ce wayar hannu. A 2011 an ɗaure wata 'yar juri wata takwas a Ingila saboda ta yi hira ta Facebook da wata da aka tuhuma a shari'ar da take saurara. Dokar 2015 ta mayar da binciken intanet game da shari'ar da mutum ke zama a kanta laifi da ke iya jawo ɗaurin shekara biyu. Dalilin shi ne, abin da mutum ya karanto a intanet ba a rantse a kansa ba, kuma lauyan wanda ake tuhuma bai sami damar ƙalubalantarsa ba.

A ɗakin shawara

Idan lauyoyi suka kammala jawabansu, alƙali ya yi bayanin doka, sai ayarin ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Babu lauya, babu alƙali, babu ɗan jarida. Ɗaya daga cikinsu ne ke jagorantar tattaunawa, kuma idan suna da tambaya sai su rubuta wa alƙali takarda. Babu ƙayyadajjen lokaci: ayarin Simpson bai cika awa huɗu ba ya wanke shi a ranar 3 ga Oktoban 1995, na Chauvin ya ɗauki kimanin awa goma kafin ya same shi da laifi a ranar 20 ga Afrilun 2021.

A Amurka dole bakinsu ya zo ɗaya kafin a sami mutum da babban laifi, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar wa dukkan jihohi a 2020. A Ingila, tun 1967, alƙali na iya karɓar rinjayen mutum 10 cikin 12 bayan sun shafe aƙalla awa biyu suna tattaunawa. Idan suka kasa daidaitawa, shari'ar ta rushe, kuma gwamnati na iya sake ta da sabon ayari, kamar yadda aka yi wa ɗan wasan barkwanci Bill Cosby a 2017 da 2018.

Ayarin ba ya faɗin dalilinsa. Kalma ɗaya ko biyu ce amsarsa a kan kowace tuhuma. A Ingila laifi ne ɗan juri ya fallasa abin da aka tattauna a ɗakin, har bayan shari'a. A Amurka kuwa yana da 'yancin yin magana da 'yan jarida ko ma ya rubuta littafi.

Wanda aka samu da laifi yana iya ɗaukaka ƙara. Wanda aka wanke a Amurka ba a sake gurfanar da shi a kan wannan laifin a gaban wannan hukumar, ko da sabuwar hujja ta fito, sai dai a kai shi ƙarar neman diyya. Haka ta faru da Simpson a 1997, inda wani ayarin ya ɗora masa biyan dala miliyan 33.5 ga iyalan mamatan.

Yabo da suka

Masu goyon bayan tsarin suna ganin sa a matsayin katanga tsakanin talaka da ƙarfin gwamnati. Sukan kawo misalin Clive Ponting, ma'aikacin Ma'aikatar Tsaron Birtaniya da ya miƙa wa wani ɗan majalisa takardun sirri game da nutsar da jirgin ruwan yaƙin Ajantina a yaƙin Falklands na 1982. Duk da cewa bayanin alƙali ya karkata ga samun sa da laifi, ayarin ya wanke shi a 1985.

Masu suka kuwa suna cewa mutum 12 na iya shiga kotu da duk son zuciyar garinsu. A 1955, ayarin fararen fata zalla a jihar Mississippi ya wanke mutum biyu da aka tuhuma da kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, bayan tattaunawar awa ɗaya da 'yan mintoci. Bayan 'yan watanni, mutanen biyu suka amsa wa wata mujalla cewa su suka kashe shi. A 1992, an ɗauke shari'ar 'yan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka daga Los Angeles zuwa Simi Valley, unguwar da galibin mazaunanta fararen fata ne. Wanke su da aka yi a ranar 29 ga Afrilu ya haddasa tarzomar da ta ci rayuka sama da 50.

Sauran ƙasashe da Najeriya

Ƙasashe da dama sun ɗauki hanyar tsakiya. A Faransa, alƙalai uku da mutanen gari shida ne ke zama tare a kan mafi girman laifuka. Japan ta ɓullo da irin wannan a 2009. Indiya ta yi watsi da tsarin bayan shari'ar hafsan sojan ruwa K.M. Nanavati a 1959, wanda ayari ya wanke da rinjayen 8 da 1 a kan kisan kai, babbar kotu kuma ta soke wankewar. Afirka ta Kudu ta soke shi a 1969, abin da ya sa Mai Shari'a Thokozile Masipa ta saurari shari'ar ɗan tsere Oscar Pistorius a 2014 tare da mashawarta biyu. Ghana har yanzu tana amfani da ayarin mutum bakwai a kan laifuka irin su kisan kai.

A Najeriya an yi amfani da juri a Legas tun zamanin mulkin mallaka, kafin a soke shi a shekarun 1970 lokacin mulkin soja. A kotunan alƙalai na Arewa an san muhuti, malamin da ke zama tare da alƙali yana ba shi shawara, amma hukunci na alƙali ne. A yau, sashe na 294 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa manyan kotunan ƙasar su bayar da hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan kammala shaida da jawaban lauyoyi. Ɗan Najeriya da aka ɗaure a Abuja yana da rubutattun dalilan alƙali da zai ƙalubalanta a kotun ɗaukaka ƙara. Wanda aka ɗaure a Landan ko New York kuwa, ƙorafinsa zai fi dogara ne a kan kuskuren alƙali wajen karɓar hujja ko bayanin doka, ko kuma wani abu daga waje da ya gurɓata ayarin, tunda mutum 12 da suka yanke makomarsa ba su rubuta dalilinsu ba.